Sunan mamaci ba kayan tsintuwa ba ne

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata na cikin rumfuna da ƴan uwa ƴan kasuwa, yau za mu ajiye zancen farashin gero da na kuɗin duwan, mu leƙa ƙasar Amurka. Maganar ta addini ce, ta wasu mutane kuma can nesa, amma duk mai riƙe da littafin bashi zai gane kanta tun malamai ba su gama gardama ba.

Akwai wata majami'a da aka fi sani da sunan Mormon, ko da yake tun shekarar 2018 shugabanninta suka roƙi a riƙa kiranta da cikakken sunanta, wato Majami'ar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe. Wani mutum mai suna Joseph Smith ne ya kafa ta a 1830, cibiyarta tana birnin Salt Lake City a jihar Yuta, mabiyanta kuma sun haura miliyan 17. Kamar sauran Kirista, suna yin baftisma, wato wankan shiga addini. Inda suka bambanta shi ne suna yin wannan wanka a madadin matattu. Smith ya fara koyar da haka a 1840 a garin Nauvoo, kuma da farko cikin kogin Misisipi ake yi. Yanzu sai cikin haikali, a wani babban kwarmin ruwa da ke ɗore bisa siffar bijimai 12. Mai rai ya sa fararen tufafi ya shiga, a ambaci sunan mamacin, a nutsar da shi. Namiji na tsaya wa namiji, mace na tsaya wa mace, har samari da ƴan mata masu shekara 12 suna yi.

Ɗaya daga cikin hujjojinsu aya ce cikin wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura 15 aya 29, inda ya ambaci wasu masu yin baftisma saboda matattu yayin da yake kare batun tashin ƙiyama. Galibin Kirista, Katolika da ƴan Furotesta da Otodoks, sun ce Bulus ya ambaci abin ne kawai, bai yi umarni da shi ba. Gardamar ma tsohuwa ce. Malamin nan Yohanna Kirisostom, wanda ya rayu wajen shekara ta 400, ya yi wa mabiyan Markiyon dariya: ya ce in wani ya mutu bai yi wankan ba, sai su ɓoye mai rai ƙarƙashin gadonsa, a tambayi gawa ko tana so, na ƙarƙashin gado ya amsa. A 393 kuma, taron manyan limaman Kirista a Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya hana yi wa gawa baftisma. Katolika suna yi wa matattunsu addu'a, har suna da ranar 2 ga Nuwamba don haka, amma iyakarsu ke nan. A yau, ban da ƴan Mormon, Sabuwar Majami'ar Manzanni ce sananniya da yin irin wannan hidima, sau uku a shekara.

To, ni ban zo raba gardamar aya ba, wannan aikin masu littafin ne. Niyyar ma ba na zarginta. Wane ne cikinmu bai taɓa kwana yana tunanin abin da zai aika wa uwarsa ko ubansa da ke kabari ba? Muna sadaka, muna addu'a, muna biyan bashin da mamaci ya bari, mai hali har aikin hajji yake yi wa mahaifinsa. Ɗan Mormon da ya shiga ruwa saboda kakansa, wannan ƙaunar ce ke motsa shi. Suna kuma cewa tayi ne kawai: mamacin na da ikon karɓa ko ƙi a can inda yake, kuma ba a ƙidaya shi cikin mambobi.

Inda na tsaya shi ne wajen sunayen. Don su samo kakanninsu, sun gina ma'ajiyar tarihin zuriya da ba ta da na biyu a duniya. Tun 1894 suke tattara takardun haihuwa, na aure da na mutuwa. Sun haƙa rumbu cikin dutse kusa da Salt Lake City, suka adana hotunan takardun a naɗin fim fiye da miliyan 2, yau kuma ana duba su a intanet ta shafin FamilySearch. Aiki ne mai amfani, wanda ba ɗan addinin ba ma yana cin moriyarsa kyauta. Sai dai rumbu in ya cika, hannuwa na yawa. Wasu mabiya masu zaƙewa suka fara ɗibar sunayen da ba su haɗa jini da su ba.

Haka wani Bayahude mai suna Ernest Michel, wanda ya tsira daga sansanin Auschwitz, ya gano an yi wa iyayensa baftisma, iyayen da ƴan Nazi suka kashe saboda su Yahudawa ne. A 1995 majami'ar ta sa hannu kan yarjejeniya da ƙungiyoyin Yahudawa, ta cire sunaye wajen 380,000 daga jerinta. Abin bai tsaya ba. A 2008 aka yi wa mahaifiyar Barack Obama, wadda ta rasu tun 1995. A 2012, shekarar da ɗan majami'ar Mitt Romney ke takarar shugabancin Amurka, aka bankaɗo an yi wa iyayen Simon Wiesenthal, mai farautar ƴan Nazi, da yarinyar nan Anne Frank. Majami'ar ta ba da haƙuri kan iyayen Wiesenthal, ta aika wasiƙa a karanta wa mabiya cewa wanda ya sake kai sunan da ba na danginsa ba zai iya fuskantar horo. Fadar Fafaroma kuwa ba ta jira ba: a 2001 ta ce ba ta amince da baftismar Mormon ba, a 2008 ta umarci limamanta su daina ba su littattafan rajistar majami'u.

Wani zai ce, in ba ka yarda ruwan na aiki ba, mene ne naka na damuwa? Tambayar na da nauyi. Amma Hajiya, ke da kike da rumfa, a ce bayan rasuwar maigidanki wani ya rubuta sunansa cikin adashen da ya ƙi shiga da ransa, ya ce miki ai ko dala ba za ki biya ba, alheri ne. Za ki yi shiru? Biyan bashin da mutum ya amsa da bakinsa daban, buɗe masa sabon shafi a littafin da ya ture daban. Sadakar da ake yi wa mamaci a kan hanyar da ya mutu a kanta ake yin ta. Dillali ma, komin kyan cinikin, ba ya sallama kaya sai mai kaya ya ce a sallama, shi kuwa mamaci ba shi da bakin cewa a'a. Ga Yahudawa abin ya fi haka ciwo, don sun tuna 1492, lokacin da sarakunan Andalus na Kirista suka ce musu ko wanka ko barin ƙasa, kamar yadda aka yi wa Musulmin can shekaru kaɗan bayan haka. Sannan takarda ta fi mai ita tsawon rai. Jikan da zai buɗe kwamfuta nan da shekara ɗari, abin da ya gani rubuce shi zai ɗauka.

Dokar majami'ar ta yanzu ta fi ta da: mutum ya kai sunan danginsa kawai, in kuma mamacin an haife shi cikin shekara 110 da suka wuce, sai da izinin ɗan uwansa mafi kusa. Doka ce mai kyau, kiyaye ta ne ya sha gagara.

Kada a ce abin na Turawa ne kurum. An buɗe haikalinsu a Akara a 2004, a Aba ta Najeriya a 2005, a Abijan a 2025, duk garuruwan da fatakenmu suka sani. FamilySearch kuma ta daɗe tana tura mutane ƙauyukan Gana da Najeriya suna ɗaukar salsalar dangi daga bakin tsofaffi, don kada ta tafi tare da su. Ni ma ina son a adana ta. Amma ranar da wani ya zauna gaban kakarku da na'urar ɗaukar murya, ku ba shi ruwa, ku ba shi tabarma, kafin tsohuwa ta fara jero sunaye ku tambaye shi ina za a ajiye su, wa zai iya buɗewa, kuma me aka yarda a yi da su.