Mun tara kuɗin aikin farko, wa zai tara na biyu?

Satin da ya wuce aka zagaya da takarda a ofishinmu, ana haɗa kuɗin aikin ƙugu na ƙanin wani abokin aikinmu. Mai sikila ne, shekararsa 24, jini ya daina kai wa kan ƙashin cinyarsa har ya rube. Kowa ya ba da abin da ya samu, Allah ya saka. Abin da ya tsaya min a rai shi ne maganar yayan: "Da an saka ƙarfen nan shi ke nan, an huta."

Jama'a, ba shi ke nan ba ne. A 2019 mujallar Lancet ta buga binciken masana na Jami'ar Bristol a Ingila: kusan 6 cikin 10 na ƙugun da aka dasa ne ke kai shekara 25. Kuma akasarin waɗanda aka ƙirga dattawa ne masu zaman gida. Yaro ɗan 24 mai hawa babur, mai tsugunno, ai ba lissafinsu ɗaya ba.

Abin ƙwallo ne na ƙarfe ko tangaran da ke juyawa cikin kofin roba. Kowane taku sai ya goge robar kaɗan. Garin da ke fita jiki yana ɗaukarsa abokin gaba, garin yaƙarsa sai ya cinye ƙashin da ke riƙe da ƙarfen, a hankali ya fara girgiɗi. Ga ƙwayoyin cuta da kan manne a jikin ƙarfe, inda magani ba ya kai musu sosai, kuma masu sikila sun fi shiga wannan haɗarin. Ga gocewa, ga karaya a gefensa. Aiki na biyu ya fi na farko wuya da tsada, don ƙashin ya riga ya ragu.

Wani lokacin ma laifin kayan ne. A 2010 kamfanin DePuy ya janye samfurinsa ASR, ƙarfe kan ƙarfe, bayan an saka wa mutum wajen 93,000 a duniya, har da Indiya inda mutanenmu ke tururuwa. Rajistar da Ostireliya da Ingila ke ajiyewa ce ta tona shi.

To mu fa? Mutum ya dawo daga waje, ka tambaye shi wane iri aka saka masa, sai ya ce "ƙarfe ne dai."

Ni ban ce kada a yi aikin ba, wanda ya ga yaron nan yana jan ƙafa ba zai faɗi haka ba. Amma kafin a sallame ku, ku karɓi takarda mai sunan kamfani da lambar kayan, ku adana ta kamar takardar fili. Ku tambayi likita wa zai riƙa duba shi bayan an dawo gida. Na ce wa abokin aikin namu ya buɗe asusu tun yanzu, ko dubu biyu ce a wata. Dariya ya yi, ya ɗauka zolaya nake.