Dutsen Bakin Gulbi Ma Tarihi Ne

Idan aka tambayi ɗan makaranta a ƙasar Gwandu daga ina tarihinmu ya fara, nan da nan zai ce daga jihadin 1804, ya kawo sunan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo wanda hubbarensa ke cikin garin Gwandu. Wanda ya ɗan ƙara karatu zai kai ka ga Kanta, Sarkin Kabi, da ganuwar Surame ta ƙarni na 16. Daga nan sai shiru, sai ka ce kafin Kanta ba wanda ya taɓa shan ruwan gulbin nan. Alhali kuwa ɗan Adam ya daɗe a ƙasashen nan tun kafin a san ƙarfe, kuma abin da ya bari na shaida shi ne kayan aikinsa na dutse. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da za mu koyi gane su, mu kuma kiyaye su.

Duk mun san abin da manoma ke kira gatarin aradu, wato ɗan dutsen nan mai sulɓi da baki kamar na gatari, wanda ake cewa tsawa ce ta jefo shi. Masana sun tabbatar mutum ne ya wasa shi da hannunsa don sara. To, akwai waɗanda suka girme shi nesa ba kusa ba. Su ba a wasa su ba, ɓantare su aka yi. Mutum zai ɗauki dutse mai tauri, irin ƙanƙarar da kakanninmu ke ƙyasta wuta da ita, ya riƙa bugun gefensa da wani dutsen, ɓalli na fita, har ya sami baki mai kaifi. Da shi zai feɗe nama, ya kankare fata, ya tono saiwa. A Gabashin Afirka an sami irinsu da suka haura shekara miliyan ɗaya.

Gane su ba wuya ga mai lura. Dutsen da ruwa ya gangaro da shi yakan zama mulmulalle. Wanda mutum ya sarrafa kuwa za ka ga guraben ɓalli a jere, kowane da ɗan zurfi kamar cikin cokali, sau da yawa gaba da baya. Babbansu yakan yi kama da ƙwallon mangwaro, gindi mai kauri na riƙewa, kai mai tsini. Dalilin da ya sa aka fi samunsu a bakin ruwa kuwa shi ne can mutanen dā suke samun abin sha, can namun daji ke zuwa, can kuma duwatsu suke. Ambaliya ta binne kayan, bayan dubban shekaru wata ambaliyar ta zaizaye gaɓa ta fito da su.

A Faransa, wani ma'aikacin kwastan mai suna Boucher de Perthes ya yi shekaru yana tara irin waɗannan duwatsu daga hannun leburori masu haƙar tsakuwa a bakin kogin Somme. Aka yi ta yi masa dariya, sai a 1859 masana daga Ingila suka je suka gani da idonsu, suka gaskata shi. Mu ma a Nijeriya, masu haƙar kuza ne suka tono gatura na dutse a Nok da Mai Idon Toro, kuma Bernard Fagg ya tattara kayan da ake samu har aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. A Dufuna ta Jihar Yobe, wani makiyayi ne yana haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da kwalekwalen da ya kai kimanin shekara 8,000. Ku duba fa, a duk wuraren nan talaka mai haƙa ƙasa ne ya fara gani.

Wannan ya kawo mu gida. Gulbin da ya biyo ta Argungu da Birnin Kebbi, ya wuce ta gefen Kalgo da Bunza har ya faɗa Kwara, yana da faffaɗar fadama irin wadda mutum da dabba ke so tun fil azal. Kullum ana lodin yashi da tsakuwa a tipa don gine-gine, ana haƙa rijiyoyin noman rani, ana yankan ƙasar bulo. Duk dutsen tarihin da ya shiga kwaɓin siminti ya tafi ke nan har abada. Ba ina cewa a daina gini ba ne, sai dai mai haƙa ya san abin da ke fitowa a bakin shebur ɗinsa.

Wani zai ce, dutse fa dutse ne, me zai ƙara wa mai neman abin sawa a baka? Gaskiya ba zai cika tukunya ba. Amma littattafan Malam Abdullahi ma ba don ci ake adana su ba, don sanin asali ne. Mutanen nan ba su bar rubutu ba, dutsen nan ne kaɗai bakinsu. Wani kuma zai ce, to a tattara a sayar. Haka aka yi wa kayan tarihin Kwatarkwashi a shekarun 1990, aka wawashe su zuwa ƙasashen waje. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana cinikin irin wannan kaya da fitar da su ba da izini ba.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, idan ɗayanmu ya tsinci irin wannan dutse lokacin hutu, kada ya jefa shi aljihu ya manta inda ya gan shi, domin wurin da ya kwanta da zurfin ƙasar su ne ke nuna shekarunsa. Ya rubuta sunan wurin da ranar, ya zana siffarsa, ya sanar da malamin tarihi ko mai unguwa. Makarantarmu kuma ta kafa ƙungiyar tarihi da za ta riƙa kai rahoto Gidan Tarihin Kanta da ke Argungu. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013 ma ga ta nan a Kalgo, kusa da mu.

Ku kuma iyayenmu manoma da masunta, ku kuka fi kowa sanin gaɓar gulbin nan. Muna roƙonku, in kun ga dutsen da bai yi kama da sauran ba, ku kira mu mu gani. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya sa mu gane.