Wa Ya Ce Zariya Ba Za Ta Iya Riƙe Kulob Ɗin Yara Ba?

Da zarar an sallame sallar la'asar, duk wani ɗan sarari da ya rage a kewayen Ƙofar Jatau yakan koma filin tamaula. Duwatsu biyu sun isa raga, takalmi kuwa sai mai hali. Haka abin yake a Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Tudun Wada da Sabon Gari. Amma da an tayar da zancen kafa ƙungiyar matasa ta gaske, mai rajista da masu horarwa da gasar da take bugawa duk shekara, sai a ji manyan gari na cewa Zariya ba ta da ƙarfin ɗaukar wannan nauyi, wai aikin gwamnati ne, ko kuma a jira Allah ya kawo wani attajiri. Wannan magana kasala ce aka naɗa mata rawani.

A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Zariya kaɗai ta haura mutum 400,000, idan aka haɗa da Sabon Gari ana dosar 700,000, kuma tun daga lokacin garin sai faɗaɗa yake yi ta kowace kusurwa. Ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da malamanta na ilimin motsa jiki da asibitin koyarwarta da filayenta. Ga Kwalejin Barewa, ga Alhudahuda, ga barikin horar da kuratan soja. Da wuya a sami wani gari a Arewa da ya tara yara da ilimi da filaye wuri guda irin haka. Kuma garin ya taɓa gwada abin a wani wasan. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a nan ya koyi ƙwallon kwando a hannun koci Oliver Johnson, ya kai ga shugabancin Toronto Raptors har suka ci kofin NBA a 2019. Abin da ya fito da shi bai wuce fili tsayayye da malami guda da ya zauna shekara da shekaru yana koyar da yara ba.

Masu cewa a jira attajiri ko gwamnati ya kamata su waiwayi Kaduna, tafiyar kilomita 80 kacal. Rashidi Yekini a ƙungiyar masaƙar UNTL ya fara. Ranchers Bees, wadda Daniel Amokachi ya fito daga cikinta, ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kofunan Afirka a 1988, ta sha kashi a hannun Bizertin ta Tunisiya. Kaduna United ta gwamnatin jiha ta ɗauki kofin ƙalubale a 2010. Kowace daga cikinsu ta yi tashe lokacin da mai ciyar da ita ke da hali da sha'awa, da masaƙa ta durƙushe ko aljihu ya yi sanyi ko gwamnati ta sauya, sai ƙungiya ta bi baya. Kulob ɗin da numfashinsa ke hannun mutum ɗaya, ranar da mutumin ya gaji ranar ake fara haƙa masa kabari.

Mafi munin nau'in wannan dogaro shi ne gasar cin kofin ɗan takara, wadda ke tsirowa a unguwanni duk sanda zaɓe ya gabato. A buga hotonsa a jikin riguna, a kafa rumfa, a kira makaɗa, a yi wata guda ana gumurzu, a miƙa kofi da ambulan a ɗauki hoto. Bayan nan shiru, sai wani zaɓen. Kuɗin da ake ƙonawa a bikin rufe irin wannan gasa da zai biya alawus ɗin masu horarwa na watanni. Babu yaron da ake rubuta sunansa a wani kundi, babu mai tambayar shekarunsa, shi ya sa gardi mai gemu ke shiga gasar 'yan ƙasa da 15 yana karya ƙafafun ƙannensa. Ƙwallon ne ake hawa a je wurin ƙuri'a, yaran kuwa 'yan rakiya ne.

Abin takaici, hanyar da kulob ɗin yara zai ciyar da kansa a rubuce take cikin dokokin FIFA, kuma ba a kula ta. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa yana da kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗun farko kowace tana da kashi 0.25, kowace shekara bayan nan tana da 0.5. Ƙungiyar da ta riƙe yaro daga 12 har ya kammala shekararsa ta 17 ta mallaki kashi 2 ke nan. Idan wata rana aka saye shi a kan yuro miliyan 10, rabonta yuro 200,000 ne, kuma duk sanda aka sake irin wannan cinikin za ta sake karɓa. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi a Faris da ke bin sawun waɗannan kuɗaɗe ya biya masu su. Sharaɗin guda ne: sunan yaron ya kasance a rajistar hukumar ƙwallon ƙasa, ƙarƙashin kulob mai rajista, da ranar haihuwarsa ta gaskiya. Kocin unguwar da ya shekara shida yana saya wa yaro burodi da maganin ciwon gwiwa, idan ba shi da wannan takarda, sai dai ya ga yaronsa a gidan kallo kamar kowa, dillalin da ya ɗauke shi kuwa ya gina bene.

Wasu sun riga sun gane. Génération Foot da Mady Touré ya kafa a Senegal a 2000 ta ƙulla yarjejeniya da Metz ta Faransa, ta nan Sadio Mané ya fita. A Ikenne ta Jihar Ogun, garin da bai kama ƙafar Zariya a yawan jama'a ba, Remo Stars ta gina makarantar renon yara ta Beyond Limits, ta kuma ci gasar Firimiyar Nijeriya a 2025. Gaskiya ne mai ita, Kunle Soname, attajiri ne, kuma da kamfanin cacar wasanni aka san shi, abin da Zazzagawa ba za su so a liƙa a ƙirjin 'ya'yansu ba. To amma darasin Ikenne yana wajen ɗakin kwana da aji da kundin rajista, waɗanda 'yan kasuwa ashirin da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai za su iya haɗa hannu su samar, da amintattu da littafin kuɗi a buɗe.

Akwai uzuri guda da ya cancanci a saurara, na iyaye. Uban da ke cikin ganuwa yana tsoron ƙwallo ta raba ɗansa da boko da Islamiyya, kuma yana da hujja, domin cikin yara ɗari da wuya ɗaya ya ci abinci da ƙafarsa. Kulob mai tsari shi ne ma amsar wannan tsoro: atisaye a lokacin da bai ci karo da karatu ba, yaron da ya faɗi jarrabawa ya zauna a benci, takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya tun ranar shiga. Sauran casa'in da taran za su fita da shaidar sakandare da lafiyar jiki.

Abin da ba zai jira ba shi ne fili. Bunƙasar da ake alfahari da ita tana cinye sarari a birni da waje, kangon da aka buga ƙwallo bara bana an yanka shi fuloti, gefen filin makaranta ya koma jerin shaguna. Rigar wasa da koci ana iya samo su ko bayan shekara goma, amma filin da aka zuba wa kankare ya tafi har abada. Masarautar Zazzau da ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari suna da ikon zaunawa da hukumar filaye ta jiha su ware fili uku ko huɗu, a yi musu takarda da sunan wasannin yara, a kewaye su, kafin masu awon fuloti su iso.