Ƙaramin sabis na injin mota: me zai hana ka yi da hannunka a ƙofar gida?

Yau za mu ɗan ajiye maganar waya da data mu leƙa ƙarƙashin bonet, duk da cewa wayar ma za ta shigo cikin zancen can gaba.

Ni dai a ganina, duk mai mota da ke da lafiyar hannu ya kamata ya iya yi wa injinsa ƙaramin sabis a gida: juyen baƙin mai, canjin filta, duba fulogi. Ba raina makanikai nake yi ba. Abin da nake gudar maka shi ne ka miƙa makulli ka tafi shan shayi, ka dawo a ce maka "an gama, Alhaji", alhali ba ka san me aka zuba ba, ba ka san me aka cire ba.

Da yawanmu tsoron da muke ji gadonsa muka yi daga zamanin Peugeot 504, lokacin da bakanike zai kasa kunne yana murɗa sukurun kafireta har sai ƙarar inji ta zauna. Wannan gwaninta ce ta gaske, ba kowa ke da ita ba. To amma Corolla da Camry da Accord da suka cika titi yanzu ba su da kafireta. Kwamfutar motar ce ke auna fetur, ita ke tsara lokacin da wuta za ta tashi a fulogi. Babu sauran abin murɗawa. Abin da ya rage a sabis na yau da kullum shi ne a cire tsoho a sa sabo, kuma a sa wanda ya dace.

A nan ne fa matsalar take, wajen "wanda ya dace". Buɗe bonet ka duba murfin da ake zuba baƙin mai, a motoci da yawa an rubuta kaurin man da injin yake so a jikinsa. Corolla ta 2003 zuwa 2008, misali, 5W-30 kamfanin ya rubuta mata, kuma kusan lita 4 take sha. Amma sau nawa ka ga an ɗauko 20W-50 an ɗura wa kowace mota, wai ƙasarmu da zafi? Injin da ke da VVT-i yana aiki ne da matsin mai da ke bi ta 'yan siraran hanyoyi, mai kauri ba ya saurin kai wa can, musamman da sassafe. Ba ranar za ka ga illar ba, a hankali take taruwa. In kai ka sayo galan ɗinka a rufe daga wurin da ka yarda da shi, ka huta da wannan, ka kuma rage fargabar jabun mai.

Juyen kansa ba wuya. Ka tada motar na 'yan mintuna don man ya saki jiki, ka kashe, ka tabbata tana kan shimfiɗaɗɗen wuri. Don Allah kar ka shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai ke riƙe da ita, ka sa ƙarfen tokare, ka datse tayoyin baya. Ka tara roba, ka kwance notin ƙasa (a Corolla sifana mai lamba 14 ce), ka bari ya tsiyaye. Sabuwar filta kuma, ka shafa ɗan mai a robar bakinta, ka ɗaura da hannu kawai.

Bari in faɗa maka wautar da na taɓa yi. Na cire tsohuwar filta, ashe robarta ta manne a jikin inji, ban lura ba na ɗora sabuwa a kai. Ina tada mota sai ga mai yana tsartuwa a ƙasa. Allah ya so ni ina tsaye a wurin, na kashe nan take. Da na hau titi a haka, da injin ya buga kafin in kai bakin kasuwa. Tun daga ranar, sai na ga tsohuwar robar a hannuna nake ɗaura sabuwa, kuma bayan na zuba mai sai na tada motar na leƙa ƙasa, in kashe, in jira kaɗan, sannan in zaro gejin in ga man yana tsakanin alamomi biyun nan.

Filtar iska ko yaro zai iya canza ta, maƙallai ne kawai za ka ɓalle. Lokacin hunturu ka riƙa dubawa akai-akai saboda ƙura. Ɗaga ta ka kalli rana ta cikinta, in haske ba ya ratsowa ta gama aiki. Ta takarda ce, ba a wanke ta da fetur ko ruwa.

Fulogi shi ke buƙatar natsuwa. Sai inji ya huce sarai ake taɓa shi, don kan injin na alminiyam ne, zarensa ba ya jure ganganci. Ka cire kwil, ka kwance fulogin, sannan wajen mayarwa ka fara murɗawa da yatsu har ya zauna kafin ka sa sifana. In ka ji ya cije tun farko, koma baya, ya hau a karkace ne. Ka kuma kalli bakin tsohon: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ke nan, baƙin toka busasshe fetur ya yi yawa, in kuwa jiƙe yake da baƙin mai to injin na shan mai, wannan ya wuce aikin ƙofar gida. Wani abu kuma: in motarka da fulogin iridium ta zo, yana daɗewa sosai, ba kowane sabis ake canza shi ba, kuma ba a goge bakinsa da samfefa. Ka kula kar a cire maka shi a sa maka na araha.

Yanzu ga inda wayarka ta shigo. Duk motar da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996 tana da wata kafa mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari, sunanta OBD2, motocin fetur na Turai kuma daga 2001. Akwai 'yar na'ura ELM327 da ake soka wa a wurin, ta haɗu da waya ta Bluetooth, sai ka buɗe manhaja irin Torque ko Car Scanner. Fitilar nan mai siffar inji da ke tayar maka da hankali, a nan za ka ga dalilinta. In ta nuna P0301, silinda ta ɗaya ce ba ta ƙona mai daidai. Sai ka musanya kwil ɗinta da na ta biyu. In lambar ta koma P0302, ka kama ɓarawon, kwil ne, ba sai an sa ka sayi guda huɗu ba. Amma fa goge lambar ba gyara ba ne, fitilar za ta dawo.

Na san wani zai ce, "Malam, in na ɓata fa?" Gaskiya ne, ana ɓatawa, ga nawa labarin kun ji. Shi ya sa karon farko ka kira bakanikenka ya tsaya a kanka, ka biya shi ladansa, kai ka riƙe sifanar. Kuma akwai inda ni kaina ba na kai hannu: birki, giya, bel ɗin tayimin, da duk abin da sai an buɗe cikin inji. Murfin lagireto kuwa kar ka kuskura ka buɗe shi inji na da zafi.

In ka gama, ka ɗauki hoton lambar kilomita da ke jikin mita da wayarka, ranar na nan a jikin hoton, ita za ta tuna maka sabis na gaba. Tsohon man kuma ka juye shi a galan ɗin da ka zazzage, ka kai wa masu juyen mai. Kar ka zubar a kwata, yaran unguwa na wasa a wurin.