Ra'ayinmu: Haƙƙin mai layin waya a Barkin Sale

Layin waya ya shiga sahun kayan neman abinci a unguwanni irin Barkin Sale da ke ƙaramar hukumar Chanchaga a Minna. Da shi mai POS ke tura kuɗi, mai keke ke karɓar kiran fasinja, 'yar kasuwa ke tallata hajarta a WhatsApp, ɗalibi ke duba sakamakon jarrabawa. Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, dokokin da ke kare mai layi sun yi ta ƙaruwa. Damuwar wannan jarida ita ce yawancinsu sun tsaya a Abuja, ba su iso hannun wanda aka yi su dominsa ba.

Maganar farashi ce ta fi kusa da aljihu. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yarje wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da saƙo da data da abin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba. Kamfanonin sun so a ninka farashin ne gaba ɗaya, suna kuka da tsadar man dizal da faɗuwar darajar naira, yayin da Ƙungiyar Ƙwadago ta NLC ta nuna adawa. Kukan kamfanonin yana da tushe, amma hukumar ta ɗaura ƙarin da alƙawarin gyara sabis. Wanda ya biya ƙari yana da hurumin tambayar dalilin da ya sa datarsa ke ƙarewa da wuri, ko ake zare masa kuɗin tsarin da bai nema ba. Hanyar ƙorafi tana nan: mai layi ya fara kai kuka ga kamfaninsa ya karɓi lambar ƙorafi, idan ba a share masa hawaye ba ya kira NCC kyauta a 622. Mai son a daina damunsa da saƙonnin talla kuma sai ya aika STOP zuwa 2442.

Maganar sirri ta fi wannan nauyi. A watan Disambar 2020 gwamnatin tarayya ta wajabta haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, wa'adin ƙarshe ya cika a Satumbar 2024, aka rufe layukan da ba a haɗa ba. Jama'a sun bi dogayen layuka, sun miƙa suna da hoto da zanen yatsu. Wannan amana ce, kuma sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gida da wasiƙu da hirar waya. A 2023 aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ba mutum damar sanin abin da aka tara a kansa, da neman a gyara ko a goge shi, da janye izinin da ya bayar. Duk da haka, a 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bankaɗo shafin da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya a kan naira 100 kacal. Manhajojin ba da bashi kuma sun yi ƙaurin suna wajen kwashe lambobin da ke wayar wanda ake bi, su tozarta shi a gaban dangi da abokan arziki.

A unguwa ɓarakar kan fara ne daga ƙaramin abu: kwafin takardar NIN da aka bari a shagon buga takardu, ko lambar sirrin kati da aka faɗa wa wani don ya taimaka. Wanda bai iya karanta sharuɗɗan Turanci ba shi ya fi shiga wannan haɗari. Tarar dala miliyan 220 da hukumar kare masu sayen kaya ta FCCPC ta ci kamfanin Meta a 2024 ta nuna doka na iya aiki a kan manya. Ya kamata ta yi aiki haka nan domin talaka.

Sai batun barin intanet a buɗe. An dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma kotun ECOWAS ta yanke hukunci a Yulin 2022 cewa matakin ya saɓa wa doka. A Satumbar 2021 an katse sadarwa a Zamfara saboda 'yan bindiga, daga baya aka yi haka a sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Jihar Neja ma tana fama da rashin tsaro a Shiroro da Rafi da Munya. Idan layi ya mutu, ɗan ƙauye ba ya iya neman ɗauki, ɗan'uwansa da ke Minna ba ya iya tura masa kuɗi. Don haka duk wani katsewa ya zama bisa doka, da wa'adi bayyananne, da damar ƙalubalantarsa a kotu.

Wannan jarida na kira ga NCC da NDPC su riƙa wayar da kai da Hausa da Nupe da Gbagyi a gidajen rediyon Minna, su kuma riƙa karɓar ƙorafi da waɗannan harsuna. Kamfanoni su bayyana sharuɗɗan tsare-tsarensu a taƙaice, su hukunta dillalin da ya yi wasa da bayanan jama'a. Masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su tara ƙorafin mutanensu su kai gaba ɗaya, domin ƙorafin da aka rubuta da suna da rana da lamba ya fi wuyar a yi biris da shi.