Ba A Sayen Yaro Da Alewa

Akwai shawarwari biyu da ake yawan ji a tarurrukan ikkilisiya, daga Garwa zuwa Marwa har Bogo, duk sa'ad da aka ta da zancen aikin yara. Wani ya ce ba mu da kuɗi, sai a rubuta wa Turawa su aiko da littattafai da kayan wasa, su kuma gina mana gidan marayu. Wani kuma ya ce a sayo alewa da biskit a raba a ƙofar majami'a, nan da nan yaran unguwa za su cika ɗaki. Ban yarda da ko ɗaya ba. Ta farko tana ɗora wa baƙi nauyin 'ya'yanmu, ta biyu kuwa tana neman 'ya'yan maƙwabta a bayan idon iyayensu. An riga an gwada duka biyun a ƙasar Sin, ya kamata mu san yadda aka ƙare.

Kada wani ya ce ina ruwanmu da Sin. Sinawa ne suka gina madatsar ruwa ta Lagdo tsakanin 1977 da 1982. Fiye da haka ma, biyu daga cikin mishan ɗin da suka kawo bishara arewacin Kamaru sun fara aiki a Sin tun 1902: 'yan Lutheran Brethren na Amurka, waɗanda suka iso Yagwa a farkon shekarun 1920, da mishan ɗin Norway, wanda ya sauka Ngaundere a 1925. Masu shuka ɗaya ne, gonaki ne biyu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Robert Morrison ya isa Sin a 1807, ya yi shekara bakwai kafin ya yi wa mutum ɗaya baftisma. Daga baya ƙofa ta buɗe, amma da bindiga aka buɗe ta, gama yarjejeniyoyin da suka ba 'yan mishan izinin shiga cikin ƙasar sun biyo bayan yaƙe-yaƙen da Ingila ta yi da Sin a kan cinikin ƙwaya mai sa maye. Saboda haka talakan Sin yana duban mai bishara da zargi tun kafin ya buɗe baki. 'Yan mishan suka gina makarantu da asibitoci da gidajen marayu, da yawansu kuwa da zuciya ɗaya suka yi.

Amma dubi abin da ya faru a birnin Tianjin a 1870. Waɗansu sistoci na Katolika suna da gidan marayu, sukan ba da ɗan kuɗi ga duk wanda ya kawo musu yaro marar gata. Nufinsu ceton rai ne. Annoba ta faɗo, yara da yawa suka mutu a gidan, jita-jita ta bazu cewa satar yara ake yi ana sayar musu. Ran 21 ga Yuni jama'a suka tashi, suka kashe sistoci goma, da ƙaramin jakadan Faransa, da Sinawa masu bi da dama. Jita-jitar ƙarya ce, amma kuɗin nan ne ya ba ta ƙafafu. Duk inda kyauta ta shiga tsakanin yaro da danginsa, zargi yana biye.

Mai raba alewa, ka ji wannan. Bogo garin lamido ne, garin makarantun allo, inda Musulmi da Kirista suke ciniki a kasuwar shanu ɗaya. Ranar da uba zai ji cewa ɗansa yana zuwa majami'a a ɓoye saboda biskit, ba yaron kaɗai za ka rasa ba, har da amincin da iyayenmu suka yi shekaru suna ginawa. Kai kanka za ka yarda wani ya ja naka ɗan ta haka? Yaron da ya zo domin alewa kuwa, ranar da kwalin ya ƙare shi ma ya tafi.

Wani zai ce, to, mu ƙyale marayu ke nan? Ko kusa. A 1940 Gladys Aylward ta bi da marayu wajen ɗari ta kan duwatsu daga Yangcheng, ta tsere da su daga yaƙin Japan. Amma ta riga ta zama 'yar ƙasar Sin, tana cin abincinsu, tana jin harshensu, hakimin garin ya san ta har ya ba ta aiki. A fili ta yi kome. Mu ciyar da mayunwaci, mu yi jinyar marar lafiya, kowane ne ubansa, ba tare da sharaɗi ba, da sanin danginsa da mai unguwa.

Yanzu ga mai jiran Turawa. Bayan 1949 sabuwar gwamnati ta karɓe makarantun mishan da asibitocinsu. Kafin ƙarshen 1953 mishan ɗin da Hudson Taylor ya kafa a 1865, mafi girma a ƙasar, ya kwashe mutanensa duka. Daga 1966 aka rufe majami'u, aka ƙone Littafi Mai Tsarki, ba a fara buɗe su ba sai 1979. Kayan aro ba ya rufe katara: duk abin da ya tsaya a kan kuɗin baƙi ya tafi tare da su. Duk da haka ikkilisiya ba ta mutu ba. Masu bi na Furotesta ba su wuce miliyan ɗaya ba a 1949, amma a 2018 gwamnatin Sin da kanta ta ƙidaya miliyan 38. Ina bangaskiyar ta ɓuya a shekarun nan goma sha uku? A cikin ɗaki, a bakin uwa da kaka da masu wa'azi marasa albashi, kamar yadda Timoti ya karɓa daga Lowis da Afiniki (2 Timoti 1:5). A 2018 ɗin nan ma, da sabuwar dokar addini ta fara aiki, aka hana 'yan ƙasa da shekara 18 shiga majami'u a larduna irin su Henan. Makarantar Lahadi ta tsaya, saura gida.

Kada mu ce wannan ba zai same mu ba. A 2014 'yan bindiga suka sace limaman Katolika biyu 'yan Italiya da wata sista 'yar Kanada a Tchéré, kusa da Marwa, baƙi da yawa suka bar yankin, ƙauyukan kan iyaka suka watse. A irin wannan rana, wa zai koya wa ɗanka addu'a?

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Kowane maigida ya tara iyalinsa kowane dare, ko minti goma ne, a karanta Maganar Allah da harshen da yaro yake ji; tana nan da Hausa, tana nan da Fulatanci tun 1983. Dattawa su daina miƙa makarantar Lahadi ga duk saurayin da ba shi da wani aiki, su zaɓi mafi sani da haƙuri, su ware masa rabo daga baikonmu, ko da dawa ce. Zumuntar mata ta koya wa uwaye yadda za su ba da labaran Littafi Mai Tsarki. Ɗan maƙwabci kuwa, in zai zo, ya zo da izinin ubansa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mai iccen ne kuwa ya kamata ya yi. Mu tuna da 'yan'uwanmu na Sin cikin addu'a. Ubangiji ya ba mu kunnen ji. Amin.