FILIN KIWO: A DUBA KOFATON SAN TURKE

San da ke bin garke yana tafiya kullum. Ƙasa da tsakuwa suna goge mashi kofato. San turke kuwa yana tsaye wuri guda wata 3 ko 4, ana kai mashi ci da sha. Kofato bai daina tsiro: ko wane wata yana ƙaruwa wajen rabin santimita. In babu abin da ke goge shi, sai ya yi tsawo ya lanƙwashe.

Mai turka ya kashe kuɗinshi wajen sayen dusa da harawa da angurya. Amma san da ƙafa ke ma ciwo ba ya tsayawa ya ci. Sai ya yi ta kwanciya, ya rame. Ranar kasuwa, ko Sabon Mashi ko Badagishiri, dillali tafiyar sa yake fara kallo. Sa mai ɗingishi ba ya kuɗi.

ABIN DA KE ƁATA KOFATO

1. Laima. Kashi da fitsari da caɓin damana suna sa kofato ya yi taushi. Daga nan ƙwayoyin cuta suke shiga.

2. Ƙaya ko ƙusa ko tsakuwa da ta maƙale tsakanin kofato biyu.

3. Dusa ko hatsi mai yawa farat ɗaya. Cikin sa yana yin tsami, ciwon ya sauka ga kofato. A riƙa ƙara dusa kaɗan-kaɗan, kuma kada haki da harawa su yanke.

ABIN DA ZA A YI

A share turke ko wace safiya, a kai takin gona. A zuba busasshen rairai. In wurin ya jiƙe, a sake mashi turke. Da marece a kwance sa ya ɗan taka.

Ko wane mako a duba ƙafafu huɗu, tun ba na baya ba, don nan ciwo ya fi yawa.

In kofato ya yi tsawo, a kayar da sa da igiya bisa rairai, a ɗaure ƙafafu. A wanke kofato. A fere shi da wuƙa mai kaifi kaɗan-kaɗan, har biyun su zo daidai. A gyara baki da magagari. In wuri ya fara yin ja-ja, a tsaya, an kusa nama. Kada a bar sa kwance da daɗewa, cikinshi na iya kumbura. Wanda bai taɓa yi ba, ya fara kallon wanda ya iya.

LOKACIN KIRAN LIKITAN DABBOBI

In tsakanin kofato ya kumbura yana wari, sa kuma ya ƙi ci, wuƙa ba ta magani. Allura yake so. A wanke wurin da ruwan gishiri, a kira likita tun da wuri.

In ga ɗingishi, ga miki a baki, ga yawu na dalala, wannan alamar boru ce. Tana kama shanu da tumaki da awaki. A ware dabbar, a ba ta ruwa ita kaɗai, kada a kai ta rijiya ko kasuwa. A gaya ma ma'aikatan kiwo ran nan.

Duba ƙafar sa ba ya cin ko dala. Wanda ya karanta wanga fili, ya karanta ma maƙwabcinshi mai turka.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.